Likitan da Ya Fara Cire Matsarmama

Duk wanda ya taɓa ganin an feɗe rago ya san matsarmama, 'yar jakar nan mai ɗaci da ke manne da hanta. Mutum ma yana da ita. Wani lokaci tsakuwa kan taru a cikinta, in kuwa abin ya daɗe, yana iya ƙara haɗarin kamuwa da ciwon daji.

An haifi Carl Langenbuch a garin Kiel na ƙasar Jamus a 1846. Ya tashi maraya, amma maraici bai hana shi karatu ba. Yana ɗan shekara 27 aka ba shi shugabancin asibitin Lazarus da ke Berlin.

A zamaninsa likitoci kan tsaga matsarmama su kwashe tsakuwar, daga baya kuma ta sake taruwa. Shi sai ya ga ai gara a cire jakar ɗungum. Mutane suka ji tsoro, domin suna zaton ba a rayuwa sai da ita. Bai yi gaggawa ba, sai da ya gwada aikin a kan gawa tukuna. Ran 15 ga Yuli, 1882, ya yi wa wani mutum ɗan shekara 43 fiɗa, wanda ya shekara 16 yana fama da ciwon. Mutumin ya warke, ya koma gida da ƙafarsa.

Langenbuch ya rasu a 1901. Har yau, in an gano ciwon dajin matsarmama da wuri, cire ta shi ne babban magani. 'Yan'uwana ɗalibai, mu yi koyi da haƙurinsa.