Charles Alfred Anderson: Malamin da Ya Horar da Matuƙan Tuskegee

A tarihin sufurin jiragen sama, matuƙan da suka ƙetare teku ko suka yi fice a fagen fama su aka fi tunawa. Wanda ya zauna tare da su a ranarsu ta farko, yana gyara musu riƙon sandar tuƙi, ba kasafai ake ambatonsa ba. Charles Alfred Anderson yana cikin ƴan kaɗan da aikin koyarwa ya ɗaukaka sunansu, har Amurkawa suke kiransa uban harkar jiragen sama ta baƙar fata.

An haife shi ranar 9 ga Fabrairu, 1907, a garin Bryn Mawr na jihar Pennsylvania. Tun yana yaro hankalinsa ya tafi ga jirgin sama, kuma da ya kai shekara ashirin ya tara kuɗin da zai biya a koya masa tuƙi. Kuɗin bai yi masa rana ba, domin makarantun tuƙi na wancan zamani ba sa ɗaukar baƙar fata. Sai ya koma koyon gyaran injin, yana yini a filayen jirgi yana tsintar abin da ya samu daga bakin matuƙa. Daga baya ya haɗa abin da ya tara da rancen ƴan uwa da abokan arziki, ya sayi wani ƙaramin jirgi ƙirar Velie Monocoupe.

Ga jirgi, amma babu malami. Wani matuƙi mai suna Russell Thaw, wanda yake da ƙwarewa amma ba shi da jirgi, ya riƙa aron nasa don zuwa birnin Atlantic City, shi kuwa Anderson yana zaune a gefe yana lura da yadda ake bin hanya a sararin sama. Tashi da sauka kuwa da kansa ya koya, a jarraba a kuskure a sake, kuma irin wannan kuskure yakan ci rai. A 1929 ya samu lasisin tuƙa jirgi na ƙashin kansa.

Lasisin ɗaukar fasinja da kaya shi ya fi wuya. Nan ya dace da Ernst Buehl, wani matuƙi Bajamushe mazaunin Amurka, wanda ya amince ya horar da shi, ya kuma tsaya kai da fata sai da jami'in gwamnati ya yarda ya yi masa jarrabawa. A watan Fabrairun 1932 Anderson ya zama baƙar fata na farko a Amurka da ya riƙe wannan lasisi. A shekarar ce kuma ya auri Gertrude Nelson.

Daga nan ya haɗu da Dokta Albert Forsythe, likita mai son jiragen sama, suka ƙudiri aniyar nuna wa duniya abin da ake cewa baƙi ba za su iya ba. A watan Yulin 1933 suka tashi daga Atlantic City zuwa Los Angeles suka komo, ba rediyo, ba laimar dira, taswirar hanyoyin mota ce jagorarsu. Sun je Kanada, sannan a 1934 suka zagaya tsibiran Karibiyan, har da Bahamas da Kuba da Jamaika da Haiti, a jirgin da suka raɗa wa sunan Booker T. Washington. Tafiyar ta ƙare a Trinidad, inda jirgin ya yi hatsari yayin tashi, amma dukansu suka tsira.

Waɗannan tafiye-tafiye sun sa jaridun baƙar fata sun san shi, sai dai aikin da ya fi dacewa da shi yana gaba. A ƙarshen shekarun 1930 ya fara koyarwa a yankin Washington, har Jami'ar Howard ta ɗauke shi a shirin gwamnati na horar da matuƙa farar hula. A 1940 Cibiyar Tuskegee da ke jihar Alabama ta gayyace shi ya zama babban malamin tuƙi. Daga wannan muƙami ɗalibai suka laƙaba masa suna Cif, sunan da ya bi shi har kabari.

Sai an san halin da ake ciki kafin a gane nauyin da ya ɗauka. A 1925 Kwalejin Yaƙi ta Sojan Amurka ta fitar da rahoton da ya yi iƙirarin cewa baƙar fata ba su da basira ko jarumtar da aikin soja na zamani yake bukata, kuma manyan hafsoshi da dama sun riƙe wannan ra'ayi. Rundunar sojan sama ba ta da matuƙi baƙi ko ɗaya. Saboda haka duk ɗalibin da ya faɗi, duk jirgin da ya lalace a Tuskegee, hujja ce a hannun masu jiran a rufe shirin.

A farkon 1941 uwargidan shugaban ƙasa, Eleanor Roosevelt, ta ziyarci cibiyar, ta nemi a zaga da ita a sama. Anderson ne ya ɗauke ta a wani ƙaramin jirgi daga filin Kennedy, aka ɗauki hotonsu, hoton ya bazu a jaridu. An sha kambama wannan tafiya kamar ita ta buɗe wa baƙi ƙofar sojan sama, alhali an riga an sanar da kafa rundunarsu tun kafin zuwanta. Amfaninta na zahiri shi ne kuɗi: uwargidan tana cikin amintattun Asusun Julius Rosenwald, wanda ya ba da rancen dala 175,000 aka gina filin Moton.

A filin Moton ake yin matakin farko na horon soja, ƙarƙashin kwangilar da sojoji suka ba cibiyar, kuma Anderson ne shugaban malaman, waɗanda galibinsu baƙi ne. Wanda ya tsallake sai ya wuce sansanin sojan sama na Tuskegee don matakai biyu na gaba. Matakin farko shi ne rariya. Jirgin koyo irin PT-17 mai fukafukai biyu sama da ƙasa yana da kujeru biyu, ɗaya gaban ɗaya, kowace da sandar tuƙi da abin takawa, duk a haɗe, ta yadda malami yana jin kowane motsin ɗalibi a tafin hannunsa. Magana ta wani bututu ake yi daga bakin malami zuwa kunnen ɗalibi, ɗalibin ba shi da hanyar mayar da amsa. Ana koya masa tashi, juyawa, da sauka, sannan a rage gudu da gangan har iska ta daina ɗaukar fukafukai, jirgin ya sunkuya ko ya shiga wulwulawa, a ga ko zai iya farfaɗo da shi. Wani lokaci malami yakan rage wutar injin ba zato, ya bar ɗalibi ya nemi gonar da zai sauka.

Mafi nauyin hukunci shi ne ranar da malami zai fito daga jirgi ya ce ɗalibi ya tashi shi kaɗai, yawanci bayan sa'o'i goma ko ƙasa da haka. Idan ya yi gaggawa zai iya kashe yaron mutane. Idan ya yi jinkiri, ko ya karɓe sandar a duk ƙaramin kuskure, ɗalibin ba zai taɓa yarda da kansa ba. Mutumin da ya koyi sauka ba tare da kowa a gefensa ba shi ne yanzu yake yanke wa wasu wannan hukunci, kuma babu sassauci a ciki. Ajin farko ya fara a Yulin 1941 da mutum 13, biyar kacal suka kammala a Maris 1942, cikinsu har da Benjamin O. Davis ƙarami, wanda daga baya ya jagorance su a yaƙi.

Zuwa 1946 matuƙa 992 suka fito daga Tuskegee. Runduna ta 99 ta isa Arewacin Afirka a 1943, sannan ta 332 ta yi aiki daga Italiya tana raka jiragen ruwan bama-bamai, da jan fenti a wutsiyar jiragenta. An daɗe ana cewa ba su taɓa rasa jirgin da suka raka ba. Binciken takardun soja ya nuna sun rasa 27, adadin da har yanzu yake ƙasa da na takwarorinsu a rundunar. Wannan bajinta tana cikin abubuwan da suka share fage ga umarnin Shugaba Harry Truman na 26 ga Yuli, 1948, wanda ya soke wariyar launin fata a aikin soja. Daniel James, wanda shi ma ya koyi tuƙi a Tuskegee, ya zama baƙar fata na farko mai tauraro huɗu a sojan Amurka a 1975.

Anderson bai je fagen daga ba, bai kuma bar Tuskegee ba bayan yaƙi. Ya ci gaba da koyarwa a filin Moton, baƙi da farare, yana kuma gyaran jirage. A 1967 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Negro Airmen International, wadda ta riƙa shirya wa matasa horon tuƙi a lokacin hutu. Bai daina koyarwa ba sai da ya haura shekara tamanin.

Ya rasu a Tuskegee ranar 13 ga Afrilu, 1996, yana da shekara 89. A 2013 aka shigar da sunansa zauren karrama gwarzayen jiragen sama na ƙasar, a 2014 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki mai ɗauke da hotonsa.