Marigayi John Wooden, Malamin Ƙwallon Kwando

A ƙasar Amurka, in ana zancen masu horad da samari wasan ƙwallon kwando, da wuya a tashi ba a ambaci John Wooden ba. Galibi yawan kofin da ya ci a kan faɗa. Mu kuwa abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, mutumin nan malamin makaranta ne, kuma yadda ya riƙi aji haka ya riƙi filin wasa.

An haife shi ran 14 ga Oktoba, 1910, a jihar Indiyana, ɗan manomi ne. Ya yi karatu a Jami'ar Purdue, inda ya yi suna wajen wasa, ya fita a 1932 da digirin Turanci. Aikinsa na fari a wata makarantar sakandare ne ta garin Dayton, cikin jihar Kentaki, yana koyad da Turanci, yana kuma fita da yara fili. Shekarar farko ba ta yi daɗi ba, suka ci wasa 6, aka cinye su 11. Daga ita bai sāke shekarar da faɗuwa ta rinjayi nasara ba. Ya koma garin South Bend ya shekara tara, sa'an nan yaƙin Hitila ya kai shi sojan ruwa.

Da ya dawo a 1946 sai ya kama aiki a Kwalejin Horon Malamai ta Indiyana, a nan kuwa aka san halinsa. A 1947 aka gayyaci yaransa babbar gasa a birnin Kansas, amma dokar gasar ta hana baƙar fata shiga. Cikin yaran akwai baƙi guda, Clarence Walker, wanda ba ya ma cikin gwanayen da a ke fara wasa da su. Da an bar shi gida, da ba abin da zai ragu. Wooden ya ƙi zuwa. Ga matashin malami mai neman suna, wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Shekara na kewayowa aka soke dokar, suka tafi tare da Walker, suka kai wasan ƙarshe kafin a cinye su.

A 1948 Jami'ar Kalifoniya ta birnin Los Anjalas ta ɗauke shi. Wani tsohon ɗaki aka ba su a saman bene, suna raba shi da 'yan kokawa. Ya shekara goma sha biyar bai ci kofin ƙasa ba, sai a 1964. Daga nan kuwa sai ƙofa ta buɗe: kofi 10 cikin shekara 12, bakwai daga ciki a jere, daga 1967 zuwa 1973. Har sun taɓa yin wasa 88 ba wanda ya kā da su.

To, yaya ya ke koyarwa? Ran da sababbin 'yan wasa suka zo, kome tsawonsu, kome sunansu, sai ya zaunad da su ya nuna musu yadda a ke sa safa ba lanƙwasa da yadda a ke ɗaure takalmi, don kada ƙafa ta yi bororo. Kowace safiya ya kan tsara aikin yini a 'yar takarda, minti bi da minti, ya adana ta don ya gwada da na baɗi. Duk wanda ya taɓa shirya darasi ya san wannan aiki.

Ba mu ce ba shi da abin zargi ba. A zamaninsa akwai wani attajiri da ke yi wa 'yan wasan kyauta saɓanin dokar jami'o'i, mutane da dama kuwa na ganin Wooden ya kau da kai. A ganinmu wannan zargi yana da nauyi.

Ya bar aiki a 1975, bayan ya ci kofi na goma. Ya rasu ran 4 ga Yuni, 2010, saura wata huɗu ya cika shekara ɗari.