Ray Charles: makahon mawaƙin Amurka da ya yi waƙa da tsoho da yaro

A zangon karatun da ya wuce na lura da wani yaro a ajina yana manna littafi a fuska kafin ya iya karantawa. Da aka duba shi a asibiti aka ce idon yana tafiya, sai wasu dangi suka fara cewa a cire shi daga makaranta, wai karatu ya ƙare. Wannan ne ya tuna mini da Ray Charles, mawaƙin Amurka da ya rasu a 2004. Na san malamanmu sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Rayuwar mutumin nake so mu duba.

An haifi Ray Charles Robinson ranar 23 ga Satumba, 1930, a garin Albany na jihar Jojiya, ya tashi a Greenville ta jihar Filorida, cikin talauci da wariyar launin fata. Mahaifiyarsa wankau take yi. Yana ɗan shekara biyar ƙaninsa George ya faɗa cikin bahon wanki ya mutu a gabansa. Daga nan ganinsa ya fara raguwa, yana shekara bakwai ya makance ɗungurungum.

To, a nan ne uwar ta nuna ita uwa ce. Ba ta ajiye shi a lungu ba, ta ci gaba da sa shi aikin gida kamar kowane yaro, sannan a 1937 ta tura shi makarantar kurame da makafi da ke St. Augustine. Can ya koyi rubutun Braille, wato ɗige-ɗigen da makafi ke shafawa da yatsa. Ku ji yadda yake koyon fiyano: hannu ɗaya na shafa takarda, ɗayan na kaɗawa, sai a sauya hannu, sannan a haddace a haɗa. Ni da nake koyarwa na san irin haƙurin da wannan ke ci. A 1945 uwar ta rasu, yana shekara 14, ya bar makaranta ya shiga neman abinci da kiɗa.

A 1948 ya hau mota ya ratsa Amurka zuwa Seattle, inda ya haɗu da wani yaro mai suna Quincy Jones, abotar da ta ɗore har mutuwa. A 1952 ya shiga kamfanin Atlantic. Can ya ɗauko salon waƙoƙin coci na baƙaƙen fata ya gauraya da kiɗan blues, abin da ya ɓata wa wasu mutanen coci rai sosai. Daga wannan gaurayen aka samu kiɗan soul, shi ya sa ake lissafa shi cikin iyayen salon. I Got a Woman ta fito a 1954, What'd I Say a 1959, Georgia on My Mind a 1960. A 1961 ya ƙi yin wasa a garin Augusta saboda an raba wurin zaman farare da baƙaƙe. A 1979 jihar Jojiyar nan dai ta ɗauki waƙarsa ta zama taken jiha.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ba ya ƙyashin raba makirfo da wani. Mawaƙi in ya yi suna, sau da yawa ba ya son wata murya kusa da tasa. Shi kuwa tun 1961 ya yi faifai guda sukutum tare da Betty Carter, mawaƙiyar jazz. A 1971 Aretha Franklin na wasa a zauren Fillmore West, ta jawo shi kan dandamali suka yi Spirit in the Dark tare. Kiɗan country kuma, wanda ake ɗauka na farare ne, ya kutsa cikinsa tun 1962, daga baya ya yi Seven Spanish Angels da Willie Nelson, ta hau ta ɗaya a jerin waƙoƙin country a 1985. A shekarar ne kuma muryarsa ta fito a We Are the World, waƙar da manyan mawaƙan Amurka suka taru suka yi don tara kuɗin agajin yunwar da ta afka wa Habasha da wasu ƙasashen Afirka. Wa ya jagoranci aikin? Quincy Jones, yaron nan na Seattle. A 1986 ya yi Baby Grand da Billy Joel, a 1989 ya yi I'll Be Good to You da Chaka Khan.

Aikinsa na ƙarshe ma na haɗin gwiwa ne. Ciwon hanta na cin sa, amma ya daure ya shiga ɗakin ɗaukar murya daga 2003 zuwa farkon 2004, ya yi faifan Genius Loves Company. Ya kira B.B. King wanda ya girme shi da shekara biyar, ya kira Gladys Knight, Elton John, Natalie Cole, Van Morrison da tsohon abokinsa Willie Nelson. Ya kuma kira Norah Jones, wadda ya ba wa fiye da shekara 48, suka sake rera Here We Go Again da ya fara yi tun 1967, kafin a haife ta. In ka saurara za ka ji muryar tsohon ta gaji, amma yana sassautawa ya ba yarinyar fili, ita kuma tana bin sa da ladabi. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, sai dai tsohon nan ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bai ga fitowar faifan ba. Ya rasu ranar 10 ga Yuni, 2004, yana da shekara 73, faifan ya fito a watan Agusta. A 2005 ya ci kyautar Grammy takwas, har da ta faifan shekara, waƙarsa da Norah Jones kuma ta ci ta waƙar da aka fi iya ɗauka a shekarar.

Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Ya yi kusan shekara 17 yana ta'ammali da hodar heroin, an kama shi fiye da sau ɗaya, sai a 1965 ya shiga asibiti ya rabu da ita. Ya haifi 'ya'ya 12 da mata daban-daban. Ya kuma sha suka da ya je wasa Afirka ta Kudu lokacin da ake ƙaurace mata saboda mulkin wariya. Waɗannan ba abin koyi ba ne, kuma ba zan ɓoye wa ɗalibaina su ba.

Amma ku dubi zangunanmu. Yaro nawa ido ya tafi, aka miƙa masa sanda da ƙoƙo, aka haɗa shi da ɗan jagora wanda shi ma ya rasa aji? Nan Ghana akwai makarantar makafi a Akropong, akwai wata a Wa, kuma akwai Alƙur'ani da rubutun Braille. Matar da ke wankau a Filorida ba ta fi iyayenmu mata dukiya ba. Ɗalibin nawa dai mun zauna da mahaifinsa, ya yarda ya je ya ga makarantar da idonsa kafin ya yanke shawara. Allah Ya sa ya dace, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yanmu.