Hans Wilsdorf, Marayan da Ya Kafa Rolex

Lokacin da kakana ya rasu, abin da ya faɗo hannuna cikin kayansa shi ne wani tsohon agogon hannu wanda fuskarsa ta koɗe. Na ɗauka na kai wa wani mai gyaran agogo a unguwarmu don ya sake masa fuska, ya kuma goge shi ya yi ƙyalli. Dattijon ya juya shi, ya sake juyawa, sa'an nan ya hana ni. Ya gaya mini cewa akwai masu tara tsofaffin agogo a duniya waɗanda wannan koɗewar ce suke biyan kuɗi a kanta. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai, har ya sa na shiga bincike. A cikin binciken nan ne na gamu da labarin mutumin da nake so in ba ku tarihinsa, 'yan'uwana ɗalibai.

An haifi Hans Wilsdorf a garin Kulmbach na ƙasar Jamus ran 22 ga Maris, 1881. Yana da shekara 12 ya zama maraya, ba uwa ba uba. 'Yan'uwan iyayensa suka sayar da kantin gidansu, suka sa shi makarantar kwana. Can ya yi fice a lissafi da harsuna. A 1900 ya sami aikin akawu a wani kamfanin fitar da agogo a garin La Chaux-de-Fonds na ƙasar Suwizalan. Ban da rubuta wasiƙu, kullum sai ya wana agogon aljihu masu yawa, ya duba wanda ke gudu da wanda ke latti. Daga nan ya koyi cewa darajar agogo tana ga faɗin gaskiyar lokaci.

A 1903 ya koma Landan. Bayan shekara biyu suka buɗe kamfani shi da surukinsa Alfred Davis. A zamanin nan maza ba su ɗauki agogon hannu a bakin komai ba, suna ganin kayan adon mata ne, ga shi kuma ba ya riƙe lokaci. Wilsdorf bai yarda da haka ba. Ya riƙa sayo ƙananan injuna daga garin Bienne yana sa su cikin gidajen agogo. A 1908 ya yi rajistar sunan Rolex, suna gajere mai baƙaƙe 5, mai sauƙin faɗa, wanda zai zauna daidai a fuskar agogo. Sai an gwada akan san na ƙwarai, in ji Hausawa. A 1914 ma'aunar Kew ta Ingila ta gwada wani agogonsa, ta ba shi takardar shaida mai daraja ta ɗaya, irin wadda aka saba ba manyan agogon jiragen ruwa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo masa cikas, domin a 1915 gwamnatin Ingila ta aza harajin kashi ɗaya cikin uku a kan agogon da ake shigowa da su. Saboda haka a 1919 ya tattara ya koma birnin Janiba. A can ne ya fuskanci manyan abokan gāban agogo guda biyu, watau ruwa da ƙura. A 1926 ya fito da samfurin Oyster, wanda ake ɗaure bayansa da ɗan kan da ake wana shi kamar yadda ake ɗaure noti. A watan Oktoba na 1927 wata Baturiya mai iyo, Mercedes Gleitze, ta rataya ɗaya a wuya, ta yi fiye da awa 10 cikin ruwan sanyi na tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa. Ko da ta fito, agogo na aiki. A 1931 kuma ya fito da wanda ke wana kansa da motsin hannun mai shi.

Har ila yau akwai wani halinsa da ya burge ni. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yarda a aika wa hafsoshin Ingila da ke tsare a sansanonin Jamus agogo bashi, su biya bayan yaƙi, ba jingina sai alkawari. Matarsa ta rasu a 1944, ba su kuwa haihu ba. Sai ya kafa gidauniya a 1945, ya bar mata kamfanin. Ya rasu a Janiba ran 6 ga Yuli, 1960.

To, ga inda abin mamakin yake. Mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana neman agogo marar aibi, amma masu tara tsofaffin agogonsa ɗan bambanci suke farauta, wani lokaci ma aibin kansa. Ɗauki samfurin Submariner na masu nutso, wanda ya fito a 1953. Na farko-farko ba su da 'yan kafaɗun nan masu kare kan da ake wanawa, sai a 1959 aka ƙara su. A wasu an fara rubuta zurfin ruwa da mita 200 kafin ƙafa 660, a wasu kuwa ƙafa ce a gaba. Akwai mai lamba 1680 wanda aka rubuta sunansa da ja na 'yan shekaru, daga baya aka koma fari. Layi ɗaya tak na jan rubutu yakan ɗaga kuɗin agogo sosai. Akwai kuma waɗanda baƙin fentin fuskarsu ya rine ya koma ruwan ƙasa saboda rana da daɗewa. A wurin maƙeri wannan kasawa ce, a wurin masu tarawa kuwa abin nema ne ruwa a jallo. Kai, akwai wani samfurin Daytona mai wata irin fuska da a da ba ta da kasuwa. Na ɗan wasan kwaikwayon Amurka Paul Newman irinta gare shi, aka kuwa sayar da shi a gwanjo a 2017 kan dala miliyan 17.8.

Inda kuɗi ya yi yawa haka, dole macuta su shigo. Akwai masu sake fentin fuska, da masu haɗa sassan agogo daban-daban su ce na asali ne. Kama da wane ba ta wane. Don haka masu tarawa ke duban sifar kowane baƙi da madubin ƙara girma, suna gwada lambar agogo da shekarar da aka ƙera shi. Wanda kuma ya goge tsohon agogonsa, ko ya sake masa fuska, sau da yawa ya zubar da darajarsa da hannunsa bai sani ba.

Ni a ganina, da Wilsdorf bai yi aiki mai ƙarko ba, da agogon nan ba su kai yau ba, balle a yi gardama a kan launin rubutunsu. Ingancin ne ya ba su tsawon rai, tsawon ran kuma ya ba kowanne kamanninsa.

Agogon kakana dai ba Rolex ba ne, ba zai kuma yi wani kuɗin kirki a kasuwa ba. Mai gyara ya wanke injin, ya sa masa mai, na biya na karɓi abina da koɗaɗɗiyar fuskarsa. Kowace safiya nakan wana shi kafin in tafi aji.