Sista Ignatia Gavin: Baiwar Allah da Ta Buɗe wa Mashaya Ƙofar Asibiti

'Yan'uwa cikin Kristi, ko a nan ƙasar Gaya da Ajingi ba a rasa gidan da ya san baƙin cikin giya: magidanci ya ƙarar da hatsin rumbu a kan ƙwaryar burkutu, mata da 'ya'ya suna sunkuyar da kai don kunya. Saboda irin waɗannan gidaje muka kawo tarihin wata baiwar Allah da ta ɗauki mashayi a matsayin marar lafiya, a zamanin da duniya ke kallonsa a matsayin ɗan iska.

An haifi Della Gavin ranar 1 ga Janairu, 1889, a gundumar Mayo ta ƙasar Ayilan, ƙasar da Bishop Patrick Sheehan, bishop na farko na Dayosis ɗin Kano, ya fito. Tana yarinya iyayenta suka yi ƙaura da ita zuwa birnin Cleveland na jihar Ohio a Amurka. A 1914 ta shiga ƙungiyar Sistocin Ƙauna ta Waliyi Augustine, aka sa mata suna Sista Mary Ignatia. Ta yi shekaru tana koyar da kiɗa, har aiki ya fi ƙarfinta, jiki da zuciya suka gaza, ta kwanta jinya mai tsawo. Da ta farfaɗo, sai shugabanninta suka tura ta Asibitin Waliyi Thomas na garin Akron a 1928, inda aka ɗora mata aikin karɓar marasa lafiya da ba su gado. Ita da ta taɓa karyewa, ba ta ƙara raina karyayye ba.

A wannan asibiti ta san wani likitan fiɗa, Dakta Bob Smith, wanda giya ta kusa hallaka shi. A watan Mayu na 1935 likitan ya haɗu da Bill Wilson, dillalin hannun jari daga New York, wanda ya bar sha 'yan watanni kafin nan. Ciniki ya lalace wa Wilson a Akron, ƙishin giya ya taso masa, sai ya nemi wani mashayi da zai yi magana da shi don kada ya koma. Nan suka gane cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mashayi ya fi jin maganar wanda ya sha wahala irin tasa. Ranar 10 ga Yuni, 1935, ita ake lissafawa ranar kafa ƙungiyarsu, Alcoholics Anonymous, wato ƙungiyar mashaya waɗanda ba sa bayyana sunayensu.

A 1939 suka buga littafi mai matakai 12. Tushensu shi ne mutum ya yarda giya ta fi ƙarfinsa, ya miƙa ransa ga Allah gwargwadon yadda ya san shi, ya binciki halinsa ba tare da ruɗin kai ba, ya furta laifinsa ga wani, ya nemi gafarar waɗanda ya cuta, ya gyara abin da zai gyaru, sa'an nan ya kai wannan saƙo ga wani mashayi.

Amma wanda ya daɗe yana sha, idan ya bari farat ɗaya, jiki na iya kama makyarkyata da farfaɗiya, har ma ya rasa ransa, asibitoci kuwa ba sa son ba mashayi gado. Dakta Bob, wanda ba Katolika ba ne, ya kawo kukansa wurin Sista Ignatia. Ranar 16 ga Agusta, 1939, ta karɓi mutum na farko, ta rubuta ciwon ciki a takardarsa, da gado ya yi wuya kuma ta kwantar da shi a ɗakin ajiye furanni. Wannan kasada ce da za ta iya raba ta da aikinta, amma daga ita aka sami ɗakin jinyar mashaya a asibitin.

Duk wanda za a sallama, takan ba shi lambar Tsarkakakkiyar Zuciyar Yesu, ta karɓi alkawari cewa zai dawo mata da ita hannu da hannu kafin ya sake kai giya bakinsa. Da yawa tunanin wannan tafiya ya tsare su.

Dakta Bob ya rasu a 1950. A 1952 aka mai da ita Asibitin Waliyi Vincent na Cleveland, ta buɗe sashen mashaya mai suna Rosary Hall. An ƙiyasta waɗanda suka bi ta hannunta sun kai 15,000. Ta rasu ranar 1 ga Afrilu, 1966.

'Yan'uwa, idan akwai mashayi a gidanku, gori da ɓoye-ɓoye ba za su warkar da shi ba. A kai shi wurin likita, a faɗa masa gaskiya cikin ƙauna, a haɗa shi da wanda ya riga ya bari. Allah ya ba Sista Ignatia hutawa ta har abada, ya ba mu zuciya irin tata. Amin.