Sima Ciyan, marubucin da ya kasa biyan tara

Jama'a, Sima Ciyan malamin fada ne a ƙasar Sin zamanin sarki Wu. A shekara ta 110 kafin haihuwar Annabi Isa mahaifinshi ya rasu, ya bar mishi wasiyyar kammala tarihin ƙasarsu. Bayan shekara 11 ya goyi bayan wani janar da abokan gaba suka kama. Sarki ya husata, aka yanke mishi hukuncin kisa, sai dai ya biya tara ko a dandaƙe shi. Kuɗi babu, abokai suka noƙe. Ya haɗiye wulaƙancin don ya cika wasiyya. Littafinshi Shiji babi 130 ne, guda a kan ƴan kasuwa. Ciki ya ambaci Cing, matar da mijinta ya rasu ta riƙe sana'ar haƙar ma'adini har sarki ya girmama ta.