Marshall Urist, likitan da ya gano sirrin ɗori

Duk wanda ya taɓa karyewa, a kan babur ne a hanyar Kaura zuwa Shinkafi ko a filin ƙwallo, ya san aikin maɗori: ya ja, ya daidaita, ya ɗaure, ya ce a yi haƙuri. To amma me ke haɗa ƙashin a can ciki? Wani likitan ƙashi ɗan Amurka, Marshall Urist, ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan tambayar.

An haife shi a birnin Cikago a 1914, ya gama karatun likita a Jami'ar Johns Hopkins a 1941. Ya yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya yi ta fama da karayar sojoji. Daga baya ya zauna a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, yana duba marasa lafiya yana kuma bincike.

Gwajin da ya fito da sunansa ba wani na'ura mai tsada ya ci ba. Ya jiƙa guntun ƙashi cikin asid har sinadarin da ke sa shi tauri ya narke, ƙashin ya koma laushi kamar roba. Sai ya dasa shi cikin tsokar zomaye da ɓeraye, wurin da ƙashi ba ya da abin yi. Bayan 'yan makonni, ƙwayoyin halittar da suka taru a wurin suka rikiɗe suka zama guringuntsi, irin wanda muke gurgura a ƙarshen ƙashin kaza. Can sai jijiyoyin jini suka shigo, guringuntsin ya ba sabon ƙashi wuri, har da ɓargo. Ya buga wannan a mujallar Science a 1965.

Abin da ya fahimta shi ne, a cikin ƙashi akwai wani furotin mai kai saƙo, wanda ke umartar ƙwayoyin da ba su riga sun zaɓi aiki ba su zama guringuntsi. A 1971 ya raɗa masa sunan da aka taƙaita BMP. Ta wannan hanyar yawancin ƙasusuwan jariri ke ginuwa a ciki, haka kuma karaya ke haɗewa: guringuntsi tukuna, ƙashi daga baya. Shi ya sa mai kwance ɗori da wuri yake jawo wa kansa, don abin da ke riƙe da wurin bai yi ƙwari ba.

Sai dai fa ganowa daban, kamawa daban. Furotin ɗin ɗan mitsitsi ne ƙwarai a cikin ƙashi, Urist ya yi shekaru yana niƙa ƙashin shanu yana tacewa bai samu tsantsarsa ba. Sai a 1988 John Wozney da abokan aikinsa suka gano ƙwayoyin gadon da ke samar da shi, aka kuma ga ashe dangi ne guda na sinadaran da ke sarrafa girman jiki. Urist ya rasu a Fabrairun 2001. A 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da BMP-2 a tiyatar ƙashin baya, a 2004 kuma a karayar ƙwauri. Bai ga ranar ba.

Akwai abin da har yau ya gagara. Guringuntsin da ke lulluɓe gaɓar gwiwa ba shi da jijiyar jini, in ya cinye da wuya ya dawo yadda yake. Masu bincike na ta gwada BMP da 'yan'uwansa a kansa. Don haka, 'yan ƙwallo, in gwiwa ta kumbura a je asibiti, a bar cewa targaɗe ne kawai. Ku kuma masu ƙorafin furojet ɗin zango ɗaya, ku tuna shekara 23 ce tsakanin zomayen Urist da amsar da yake nema.